Studs Terkel: mai tarihi ne ko ɗan jarida mai almakashi?

Mai Rediyo:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Jiya da daddare aka ɗauke wuta, zafi ya hana ni barci, sai na shimfiɗa tabarma a tsakar gida na kunna wata tsohuwar hira da aka ɗauka a birnin Shikago a 1961. Baƙon shi ne James Baldwin, marubucin nan baƙar fata na Amurka, mai tambayar kuma wani ne da ake kira Studs Terkel. Bai fara da cewa baƙo ya gabatar da kansa ba. Faifan waƙar Bessie Smith ya sa musu suka saurara tare, da ta ƙare ya tambaye shi me ya ji a ransa. Daga nan Baldwin ya buɗe cikinsa. Shekara 26 na yi ina riƙe makirufo kafin in ajiye aiki, kuma jiya na ji kamar in koma in sake wasu hirarrakin da na yi.

Ga wanda bai san shi ba: sunansa na yanka Louis, an haife shi a Niyok ranar 16 ga Mayu 1912. Iyayensa Yahudawa ne da suka yi hijira daga ƙasar da ke hannun Rasha a lokacin, mahaifinsa tela ne. Yana yaro suka koma Shikago, inda iyayen suka riƙe wani masauki mai suna Wells-Grand daga 1926 zuwa 1936. Ba masaukin masu kuɗi ba ne, na leburori ne da makanikai da gwauraye, waɗanda ke zama a zaure da yamma suna musu kan siyasa da ƙungiyar ƙwadago. A nan kunnensa ya buɗe. Ya karanta lauya a Jami'ar Shikago ya gama a 1934, amma bai yi aikin lauya ba. Rediyo ya shiga. Tashar WFMT ta ɗauke shi a 1952, bai bar ta ba sai 1997. Shekara 45 ke nan, awa ɗaya kowace ranar aiki. Ya rasu ranar 31 ga Oktoba 2008 yana da shekara 96.

Amma ba hira da manya ce ta ɗaukaka shi ba. Rikoda ya ɗauka ya bi talakawa gida gida, ya mai da maganarsu littattafai. Ni a ganina wannan mutumin ya rubuta tarihin Amurka fiye da furofesoshi da yawa. Me kuka gani?

Auta:
Wa alaikumus salam Baba. To shi Studs ɗin daga ina?

Mai Rediyo:
Laƙabi ne, Auta. Akwai wasu littattafan ƙagaggen labari uku na James T. Farrell kan wani matashi ɗan Shikago mai suna Studs Lonigan. Daga nan sunan ya manne masa har ya danne na yanka.

Malam Habu:
Alhaji, barka da wannan tunatarwa. Na yarda da duk abin da ka faɗa sai jimlar ƙarshe. Shekara 19 nake koyar da tarihi, kuma littafinsa na Hard Times, wanda ya fito a 1970 kan karayar arzikin da ta faro a 1929, yana kan kantata. Na karanta shi har bangon ya cire. Amma in ɗalibina ya kawo mini aiki irinsa zan mayar masa ya gyara.

Dalilina uku ne, kuma duk a fili suke. Da yawa daga mutanen da ke cikin littattafansa ya canza musu suna. Ya cire yawancin tambayoyin da ya yi musu, sai ka ga kamar mutum ne ya zauna yana zuba shi kaɗai, alhali wani ne ke jan akalar zancen. Sannan hirar da ta cika shafi masu yawa yakan yanke ta ta dawo 'yan shafuka, ya ɗauko maganar ƙarshe ya kawo ta gaba in ya ga ta fi zama a can. Mu da muka tashi da karatun hadisi mun san darajar isnadi. Wane ne ya faɗa, daga wa ya ji, da wane lafazi? In an ɓoye mai ruwaya, an taɓa lafazi, to me ya rage? Adabi ne mai kyau ƙwarai, ban musa ba. Tarihi kuwa yana da sharuɗɗa.

Maman Ummi:
Malam, Allah ya ƙara sani. Ni ban yi zurfi a boko ba, ɗinki nake yi, amma ina da tambaya. Wadda take aiki a gidan abinci ta faɗi gaskiyar yadda maigidanta yake wulaƙanta ta, in aka buga sunanta, gobe wa zai ciyar da 'ya'yanta? Ni a nan ban ga ha'inci ba, rufin asiri na gani.

Malam Habu:
Wannan kam kin yi gaskiya, Maman Ummi. Na janye rabin maganata kan suna. Sauran biyun suna nan.

Yaya Sani Shikago:
Salamu alaikum. Yanzu na tashi na tarar zaure ya cika da zancen garin da nake neman abinci. Shekarata 14 ina tuƙin tasi a nan. Wani fasinja dattijo ne ya fara ba ni labarinsa. Na ɗauko shi daga asibiti, yana tambayata daga ina nake, awa nawa nake yi a rana, me na fi tsana a aikin. Da zai sauka ya ce in nemi littafin da ake kira Working. Na samu tsohon kwafi, na ajiye shi a mota, ina karantawa a layin filin jirgi in ana jiran fasinja.

A 1974 ya fito. Mutum sama da 100 ne a ciki, kowa yana faɗin abin da yake yi tun safe har dare da yadda yake ji game da shi. Akwai mai haƙa kabari, akwai magini mai aikin dutse, akwai ma'aikacin kashe gobara, akwai mai fakin motocin mutane, akwai direbobin tasi irina. Wanda ya fi tsaya mini a rai ma'aikacin masana'antar ƙarfe ne. Damuwarsa ita ce yana aiki kamar jaki amma babu wani abu da zai nuna wa ɗansa ya ce ga abin da hannuna ya yi. Burinsa a ce a jikin dogon bene an rubuta sunan duk leburan da ya sa hannu a ginin. Malam, wallahi da na kai nan sai da na rufe littafin na ɗan jima. Na tuna mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, wanda ya ƙare rayuwarsa yana ɗora bulo a gidajen mutane, kuma ko ɗaya ba a san da hannunsa a ciki ba.

Ko an yanke maganar mutumin nan ko ba a yanke ba, abin da ya iso gare ni gaskiya ne. Na san haka domin ni ma ina cikinta.

Malam Habu:
Amin, Allah ya jiƙan Baba. Amma Sani, ka lura da abin da ka faɗa. Ka gaskata ne domin ya dace da abin da ke ranka. Nan ne haɗarin yake. Terkel mutum ne mai ra'ayi, ɗan gaba-dai-gaba-dai ne na ƙin jari-hujja, mai goyon bayan ƙungiyoyin ƙwadago, kuma bai taɓa ɓoyewa ba. Shi ya zaɓi wanda zai yi hira da shi, shi ya zaɓi abin da zai bari. Mai almakashi a hannu yana iya fitar da rigar da yake so daga kowane yadi. Maman Ummi ta fi ni sanin wannan.

Mai Rediyo:
Malam Habu, bari in shigo a nan, domin yankan murya sana'ata ce. A zamaninmu da reza muke yanka tef, mu haɗa da salatif. Ka je ƙauye ka ɗauko minti 40, a ba ka minti 6 a shiri. Babu hirar da ta taɓa fita a iska ba a yanke ta ba. Kai ma in ka shiga Gidan Arewa a Kaduna ka tarar da takardun Turawan mulki, ai ba duka kake kwafewa ba, zaɓa kake yi. Kuma shi jami'in da ya rubuta rahoton, ya riga ka zaɓa. Don haka tambayar ba ita ce an yanka ko ba a yanka ba. Tambayar ita ce, in mai maganar ya karanta, zai ce wannan ni ne, ko zai ce an yi mini ƙarya?

Terkel da kansa ya kwatanta aikin da na mai haƙar zinariya: a tono ƙasa tuli, a wanke, a tace, a samu ɗan abin da ke ƙyalli. Kuma bai yaudari kowa ba. A farkon Hard Times ɗin da ke kantarka ya faɗa ƙarara cewa littafin tunawa ne, ba na ƙididdiga da tabbatattun alƙaluma ba. Alƙaluma suna gaya mana cewa a 1933 kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ma'aikatan Amurka ba su da aiki. Amma kunyar da magidanci yake ji in ya shiga layin karɓar miya, da yadda yake ɗora wa kansa laifi alhali ƙasar ce gaba ɗaya ta durƙushe, wannan sai a bakin mai ita. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.

Batun isnadi kuwa, ai faya-fayan suna nan. Shirye-shiryensa na rediyo sama da 5,000 an adana su, an buɗe musu rumbu a intanet a 2018, da haɗin gwiwar WFMT da gidan tarihin Shikago da babban ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka. Na littattafan ma akwai waɗanda aka adana a gidan tarihin. Mai shakka yana iya zuwa ya gwada rubutu da murya.

Ɗan Damagaram:
Ina gaida manya. Ni abin da ya ja hankalina shi ne maganar ra'ayi da Malam ya kawo. Gaskiya ne yana da ra'ayi, kuma ya biya kuɗinsa. A farkon shekarun 1950 yana da shiri a talabijin mai suna Studs' Place, wanda ake nunawa a tashar NBC. Lokacin ne Sanata Joseph McCarthy da ire-irensa suke farautar duk wanda ake zargi da kwaminisanci. Terkel ya sha sa hannu a takardun koke, na ƙin wariyar launin fata da makamantansu. Aka ce masa ya fito ya ce yaudararsa aka yi. Ya ƙi. Aka rufe shirin, sunansa ya shiga baƙin littafi, aiki ya yi masa wuya.

Wadda ta tsaya masa ita ce Mahalia Jackson, mawaƙiyar coci baƙar fata, wadda shi ne ya riƙa sa faya-fayanta a rediyo tun Turawan Shikago ba su san ta ba. Da tashar CBS ta ba ta shiri, ta ce shi zai gabatar. Aka kawo masa takardar rantsuwar biyayya ya sa hannu, ya ƙi. Ita kuma ta nuna musu in sun kore shi to su nemi wata Mahaliyar. Aka bar maganar.

Amma duk da ra'ayin nan, ku duba wa ya ba dama a littafinsa na American Dreams na 1980. C. P. Ellis, shugaban ƙungiyar Ku Klux Klan a garin Durham na jihar North Carolina. Mutumin da a ƙa'ida maƙiyinsa ne, domin ƙungiyar ta tsani baƙar fata ta tsani Yahudawa. Ya zauna ya saurare shi, ya bar shi ya faɗi yadda talauci da ƙasƙanci suka tura shi ciki, da yadda a 1971 aka haɗa shi jagorancin wani taron kwana 10 kan haɗe makarantun farare da baƙaƙe tare da Ann Atwater, baƙar mace 'yar gwagwarmaya da ya tsana. A ƙarshen taron ya yaga katinsa na ƙungiyar, suka zama aminai har mutuwarsa. Wanda yake neman abin da ya dace da ra'ayinsa kawai ba zai je ya ƙwanƙwasa wannan ƙofar ba.

Malam Habu:
Ɗan Damagaram, misalinka ya yi ƙarfi, amma ka duba da kyau. Ellis ɗin da ya tuba ne aka kawo mana. Labarin ya ƙare inda Terkel yake so duniya ta ƙare. Ban ce ƙarya ba ne. Na ce zaɓi ne.

Ɗan Damagaram:
To Malam, Paul Tibbets fa? Matuƙin jirgin da ya jefa bam ɗin nukiliya a Hiroshima a 1945. Terkel ya yi hira da shi a 2002, lokacin shi Terkel ɗin yana da shekara 90. Mutumin bai nuna nadama ba ko kaɗan, kuma haka aka buga.

Malam Habu:
Wannan na karɓa.

Auta:
Ni fa abin da nake son ji shi ne yadda Terkel yake sa mutane su saki jiki. Aikin makaranta aka ba mu mu yi hira da dattawan unguwa, na je wajen mutum uku, kowa sai ya ce "lafiya lau, alhamdu lillahi" ya yi shiru. Na dawo da takarda fara.

Mai Rediyo:
Auta, da takardar tambayoyi ka je ko? Ajiye ta. Shi ba ya zuwa da jerin tambayoyi. In marubuci ne baƙonsa, ya karance littafin tas, ya cika gefen shafuka da rubutu. In talaka ne, a ɗakin girkinsa ko inda yake hutawa yake samunsa, su sha abin sha, hira ta yi nisa. Tambayoyinsa kuma gajeru ne: sai me ya faru? Yaya ka ji a lokacin?

Wani abu kuma, bai iya na'ura ba. Bai taɓa koyon tuƙin mota ba, bas yake shiga zuwa aiki, da rigarsa mai ja da fari da jar safa. Rikodar ma takan gagare shi, har wanda ake hira da shi ya ce ai ba ta juyawa, ya taimaka masa. Shi ya ce wannan yana amfanarsa, domin mutumin yakan ji cewa ba wani babba ne ya zo daga sama ba, mai buƙatar taimakonsa ne.

Akwai labarin da ya sha bayarwa, na wata mata mai yara a gidajen marasa galihu. Bayan sun gama hira, yaran suka matsa a kunna su ji muryar uwarsu. Aka kunna. Tana ji sai ta kama baki, ta ce ita ba ta taɓa sanin haka take ji a ranta ba. Babu wanda ya taɓa tambayarta, shi ya sa ita ma ba ta taɓa jin amsar ba.

Maman Ummi:
Baba, wannan labarin ya tayar mini da wani abu. Kakanmu na wajen uwa ya je yaƙin Bama. Yana cikin sojojin Afirka ta Yamma da Ingila ta kwasa ta kai can su yaƙi Japan. Muna yara, in damina ta sauka, yakan zauna a bakin zaure ya naɗe wandonsa yana shafa wani tabo a ƙwaurinsa, ya ce a can ruwa ba ya ɗaukewa, kaya kuma a ka suke ɗauka cikin daji. Da ya fara sai mu gudu wasa. Akwai wata ƙaramar gwangwani da yake ajiye lambobinsa a ciki, naɗe da tsumma. Ya rasu ina aji biyu a sakandare. Gwangwanin tana wajen kawunmu har yanzu, amma babu mai iya cewa wannan lambar ta mece ce. Mu jikokinsa mun fi 40, a cikinmu ba wanda ya san sunan garin da aka harbe shi.

To Malam, da a ce wani ya zo da rikoda ya zauna da shi awa biyu, ko da ya yanke ya bar shafi biyar, ko da ya canza masa suna, wallahi da na sayi littafin nan ko nawa ne.

Malam Habu:
Allah ya jiƙansa da rahama. Ba ni da amsar wannan, Maman Ummi. Kuma yaƙin da kika ambata shi ne ya ba Terkel babbar lambar yabonsa. Littafinsa kan Yaƙin Duniya na Biyu ya fito a 1984, ya ci kyautar Pulitzer a 1985. Sunansa "The Good War", wato yaƙi mai kyau, kuma da gangan ya sa sunan cikin alamar zance, domin a ganinsa kalmar kyau da kalmar yaƙi ba sa zama wuri ɗaya. A ciki akwai sojoji baƙar fata da suka yi yaƙi cikin rundunar da aka ware su, akwai Amurkawa 'yan asalin Japan da gwamnatinsu ta tsare a sansanoni. A nan na yarda ya yi abin da littattafan makaranta na lokacin ba su yi ba.

Matsayina dai bai canza duka ba. Abin da ya tara kayan gini ne masu daraja, mai tarihi ya zo ya auna su da wasu hujjoji. Tunanin ɗan Adam yana mantuwa, yana ƙari, yana gyara wa mai shi hoto. Ko littafin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakin tsohuwar a ƙasar Zazzau aka buga a 1954, haka muke yi da shi a aji: mu karanta da girmamawa, sannan mu tambaya wa ya yi tambayar, wa ya fassara, me aka bari.

Ɗan Damagaram:
A Yamai akwai cibiyar CELHTO da aka kafa tun 1968 domin tattara tarihin baka. Amma yawancin abin da irin waɗannan wurare suka fi bi shi ne sarauta da yaƙe-yaƙe da asalin garuruwa. Mai ga-ruwa da ungozoma da ɗan dako fa? Farin 1973 da na 1984, waɗanda suka gan su da ido suna nan da ransu a gidajenmu.

Yaya Sani Shikago:
Wani abin da zai ba ku sha'awa: Terkel ya je Afirka ta Kudu a 1963 ya yi hira da Albert Luthuli, jagoran baƙar fata mai yaƙi da wariyar launin fata, lokacin gwamnatin wariya ta killace shi. Kuma bai daina aiki ba har ƙarshe. Matarsa Ida, wadda suka yi aure a 1939, ta rasu a 1999, bayan shekara 60 suna tare. Bayan nan ya fitar da littafi kan mutuwa a 2001, ya yi hira da likitoci da ma'aikatan jinya da malaman addini da waɗanda suka rasa 'ya'yansu. Yana da shekara 93 aka yi masa aikin zuciya ya tashi. Ya rasu saura kwana huɗu a zaɓi Obama, ɗan garinsu.

Akwai wani ɗan fili a nan da ake kira Bughouse Square, gaban ɗakin karatu na Newberry, inda a da kowa ke hawa akwati ya yi wa jama'a jawabi. Yana yaro can yake zuwa sauraro. Nakan bi ta wajen in na sauke fasinja a arewacin gari. In na bi gobe zan ɗauko muku hoto.

Auta:
Baba Mai Rediyo, na koma wajen ɗaya daga dattawan nan da la'asar, ban ɗauki takarda ba. Wanzami ne. Na tarar yana wasa aska, sai na tambaye shi wa ya ba shi ita. Ya ce ta mahaifinsa ce. Minti 52 wayata ta ɗauka, har aka kira magariba bai gama ba, ya ce in dawo jibi. Yanzu matsalata ita ce shafi uku kawai aka ce mu kawo. Malam Habu, wanne zan cire?

Malam Habu:
Kada ka goge komai daga wayar, ka tura kwafi wani wuri tun yau. Ka rubuta duka yadda ya faɗa, har da tambayoyinka, ka sa rana da wuri. Sannan ka fitar da shafi ukun, jibi ka karanta masa kafin ka miƙa, ka tambaye shi ko yana so a sa sunansa. Turo mini cikakken in gani.